Na je hutu Gana da kati a aljihu, na dawo da bashi a wuya 🧵

1/ Jama'a, yau na biya kason ƙarshe na bashin da tafiyata Gana ta bar min, shi ya sa bakina ya buɗe. Ku da kuka ga hotunana a bakin teku kuna ta "a ci lafiya Alhaji", ga abin da hoton bai nuna muku ba. Zaren da tsayi, ku gyara zama.

2/ Rana ta shida da isata, ina tsaye gaban ATM a garin Kep Kos, sidi 14 ne kacal a aljihuna. Inji ya zare min kuɗi a asusu, bai fito da ko sisi ba. A aljihun gajeren wandona na ciki kuma akwai dala 200 da ba tawa ba. Bari in faro daga tushe.

3/ Ni ɗalibi ne, aji uku a jami'a. In babu lakca ina gyaran waya a shagon wani ubangidana. Shekara guda cur ina tari har na haɗa naira 700,000. Burina in ga teku, in kuma ga yayar Ummanmu da take aure a Gana tun kafin a haife ni. Inna muke ce mata, tana unguwar Nima a Akra.

4/ Mu biyu muka tafi, ni da abokina. Zan kira shi Ɗanlami, don ya ce in na faɗi sunansa sai ya tona min asiri a ƙasan zaren nan. Ta ƙasa muka bi: Kano zuwa Legas, iyakar Seme, Kwatano, Lome, sai Aflawo, ƙofar shiga Gana. Ba a neman biza. Fasfo ne da katin rigakafin shawara.

5/ Daren da zan tafi Umma ta kira ni ɗaki, ta miƙo min ambulan. Takardar dala 100 guda biyu. Ta ce, "Gudummawarmu ce ni da kawunnanka. Za a yi wa Innarku aikin ido. A hannunta za ka saka, ba hannun kowa ba." Na ce, "In sha Allahu, Umma." Ku riƙe wannan maganar, za mu dawo kanta.

6/ Ga yadda na raba nawa kuɗin. Naira 250,000 a hannu, na mota da abinci a hanya. Dala 150 na saya a Wapa. Sauran, wajen naira 225,000, na bari a asusu zan riƙa amfani da kati. A takarda tsarin ya yi kyau. Abu ɗaya na manta, kuma shi ne uban duka: ban ware kuɗin dawowa ba.

7/ Dattijon da ya yi min canji a Wapa ya ba ni shawara kyauta. Ya ce, "Yaro, karɓi babbar takarda sabuwa mai shuɗin zare. Ƙananan dala da tsofaffi ana karya musu farashi a waje." Gaskiyarsa. Ita wannan sabuwar dala 100 tun 2013 take yawo, kuma ita 'yan canji suka fi so. Kar ka yarda da mai yaga ko mai rubutu a jiki.

8/ Batun kati kuma, kun san daga 2022 bankuna da yawa sun rufe amfani da katin naira a ƙasar waje, sai a 2025 wasu suka sake buɗewa, kowane da iyakarsa. Na je bankina na ce, "Katina yana aiki a Gana?" Aka ce eh. Na yi godiya na fito ina murna. Tambaya ɗaya na yi, alhali huɗu ya kamata in yi.

9/ Ga ukun da na bari, ku kar ku bari. Nawa ne iyakar abin da zan iya kashewa a waje, a wata ko a wata uku? Nawa ake caji duk lokacin da na cire kuɗi a ATM ɗin wata ƙasa? Da wane farashin dala za ku yi min lissafi? In ma'aikacin bai sani ba, ka ce ya tambayo. Kuɗinka ne.

10/ Kuskure na farko a Seme na yi shi. 'Yan canji sun yanyame mu, kowa da damin kuɗi a hannu da kalkuleta. Na ruɗe, na canza naira 120,000 zuwa sefa gaba ɗaya, alhali Benin da Togo wucewa kawai za mu yi. Abin da muke buƙata bai wuce na mota, abinci da ɗan abin kashewa ba.

11/ Da muka isa Aflawo sai ga ragowar sefa jibge a hannuna, dole na sake canza ta zuwa sidi. Naira ta koma sefa, sefa ta koma sidi. Kowane canji mai canji yana cin nasa. Sau biyu aka yanke ni a kan kuɗi ɗaya, kuma babu wanda ya cuce ni. Sana'arsu suke yi, ni ne ban yi lissafi ba.

12/ Abin da na koya a iyaka: canza kaɗan, iya wanda zai kai ka cikin gari. Duba farashin ranar a wayarka tun kana da sabis. Buga lissafin da kanka, kar ka dogara da kalkuletar wani. Ƙirga nasa a hannunka kafin ka saki naka. In ana gaggauta ka, matsa gaba, 'yan canji ba sa ƙarewa.

13/ Ƙarin sani: sefar Benin da Togo ita ce dai ta Nijar, ƙasashe takwas ne ke amfani da ita, kuma a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957. Amma ta Kamaru da Cadi daban ce. Darajarsu ɗaya, takardunsu daban, kuma mai shago a Kwatano ba zai karɓi ta Kamaru ba.

14/ A Zangon Kwatano muka tsaya shan shayi wajen wani mutumin Tawa. Shayi biyu da burodi. Na ce nawa ne? Ya ce, "Dala ɗari." Wallahi sai da hannuna ya kai kan ambulan ɗin Umma. Dala ɗari? Shayin da zinare aka dafa shi? Ɗanlami ya ajiye kofi yana salati 😭

15/ Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Ashe a ƙirgensu dala ɗaya sefa biyar ce. Dala ashirin sefa 100, dala ɗari sefa 500, jika kuma sefa 1,000. Hausa ɗaya muke ji, ƙirge daban. Tun daga nan ya kamata in gane cewa a baƙon wuri lamba ba ta nufin abin da ka saba. Ban gane ba.

16/ Mun shiga Nima da daddare. Ko'ina Hausa kake ji, irin tasu ta zango, ga ƙanshin tsire ga kiran salla. Sai dai Inna ba ta nan, ta tafi Kumasi ta'aziyyar ƙanin mijinta, sai bayan mako. Babban ɗanta, zan kira shi Yaya Bala, shi ya karɓe mu hannu bibbiyu, ya ba mu ɗaki tare da samarin gidan.

17/ Na gaya masa akwai saƙon Inna. Ya ce, "Kawo in ajiye maka a kwaba." Na ce Umma ta ce hannu da hannu. Ya ce ba laifi. Da na kira Umma a daren na tambaye ta, da ta ce in ba shi. Ban kira ba. Na ci gaba da yawo da kuɗin aikin ido a cikin wando, ina ganin kaina mai riƙon amana.

18/ Yanzu ga inda sidi ya shammace ni. A lokacin sidi ɗaya ya haura naira 100. Sai ka sayi waakye, shinkafa da wakensu mai daɗin nan da sunanta ma daga Hausa ya fito, a ce maka sidi 35. Kunnen ɗan Najeriya ya ji 35, sai zuciya ta ce kyauta ce. Alhali ka ajiye sama da naira 4,000.

19/ A Kano in aka ce min abu naira 4,000 ne sai na tsaya na yi tunani. A Akra in aka ce 35 ko 50 ko 80, miƙawa kawai nake. Takardun kuɗin ma ban san su ba, ban taɓa shan wahala a kansu ba, kala-kala kamar na wasan yara. Kuɗin da ba ka saba da fuskarsa ba, ba ya yi maka nauyi a hannu.

20/ Wata rana a kasuwa na taya wa Umma atamfa, tsohuwar ta ce, "Miliyan biyu." Na kusa faɗuwa. Yaya Bala ya ce sidi 200 take nufi. A 2007 Gana ta cire sifili huɗu daga kuɗinta, tsohon sidi 10,000 ya koma sabo ɗaya, amma har yau wasu manya da tsohon ƙirge suke magana. Sidi 100 shi ne "miliyan ɗaya".

21/ Wato tsohuwar nan ta fi ni hankali. Ita tana jin nauyin sidi 200 a matsayin miliyan biyu. Ni ina jin sa kamar naira 200. Ka ce a tsakaninmu wa zai fi saurin tsiyacewa?

22/ Sai kuma kati. Rana ta biyu muka shiga wani babban kanti, na ɗauki takalmi, na ɗora kati a kan POS, ya yi ƙara ƙit, an wuce wurin. Wani irin daɗi ya kama ni. Katina na Kano yana aiki a Akra! Daga ranar duk inda na ga na'ura sai in zaro shi kamar wani ɗan kasuwar mai.

23/ Abokan Yaya Bala suka laƙaba min "Alaji Kano". Sunan ya shige ni. Muka je cin abinci mu biyar, da aka kawo lissafi na ɗaga hannu, "Ku bari kawai." Babu wanda ya roƙe ni. Su ma sun kai hannu aljihu. Ni ne nake so a koma ana cewa ɗan Innan nan na Kano ba shi da rowa.

24/ Abin kunyar, ni mai gyaran waya, layin da alat ke shigowa yana cikin ƙaramar wayata, na jefa ta ƙasan jaka a kashe tun Seme. Yaya Bala ya ara min layin Gana na data. Kwana biyar ina kashe kuɗi babu saƙo ɗaya da ya ce min "an cire". Kati ba ya ciwo, alat ne ke ciwo, ni kuma na kashe alat.

25/ Manhajar banki tana kan babbar wayata, ga data, ba abin da ya hana ni dubawa. Gaskiyar magana tsoro nake ji. Na san in na duba hutun zai ragu da daɗi. Sai in ce gobe. Duk wanda ya taɓa ƙin duba sakamakon jarrabawa ya san abin da nake faɗa.

26/ ATM kuma ɗan kaɗan-kaɗan nake cira, sidi 100 yau, 100 gobe, wai dabara ce kar in kashe da yawa. Ashe kowace cira da cajinta: na bankin da ke da injin, da na bankina. Cajin bai damu da ƙanƙantar abin da ka cira ba. Sau uku na biya abin da sau ɗaya ya isa.

27/ Daga baya na fahimci hanyar da kuɗin ke bi. Kai ka biya sidi, kamfanin katin ya mayar da shi dala, bankinka ya mayar da dalar naira da nasa farashin, sannan ya ɗora caji. Don haka lissafin da ka yi da farashin intanet kullum zai gaza abin da za a cire. Ka riƙa ƙara wani abu a kai.

28/ Wani abu kuma, a ƙasashe da yawa ATM ko POS kan tambaye ka: a caje ka da kuɗin ƙasar da kake, ko inji ya canza maka da kansa zuwa wani kuɗin? Zaɓi kuɗin ƙasar. In ka bar inji ya yi canjin, farashinsa yake sawa, kuma yawanci ya fi tsada.

29/ Dalolina fa? Ɗarin na canza rana ta biyu, hamsin ɗin rana ta huɗu. Tsaraba ta cinye su: sabulun salo, cakulan, ƙyallen kente, atamfar Umma, motar haya ta manhaja alhali ga toro-toro, ƙananan bas ɗinsu, da araha. Ita hamsin ɗin a raina ta dawowa ce. Amma abin da ke a rai kawai, ba a ambulan ba, ba ajiya ba ne.

30/ Rana ta shida muka kama hanyar Kep Kos, tafiyar wajen awa uku daga Akra, don ganin tsohon gidan da ake tsare bayi kafin a loda su a jirgin ruwa. Ku tafi da katin makaranta, akwai rangwamen ɗalibai, kodayake kuɗin baƙo ya fi na ɗan ƙasa. Na shiga ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na fito jikina a mace. Wannan labarin wani zaren ne.

31/ Da yamma muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki. Matar ta ce kuɗin hannu ko MoMo, ba ta da POS. Gana ƙasar MoMo ce, kuɗin waya, daga mai kifi har direba. Kati sai manyan wurare. Na ce ba matsala, da safe za mu biya, bari in je ATM. Na fita ina kaɗa makulli.

32/ Na danna sidi 600. Inji ya yi gurnani kamar yana ƙirga, ya yi shiru, ya turo min katina. Babu kuɗi. Na tsaya ina kallon bakin injin kamar zai ji kunya. Na nufi wani ATM ɗin, ya ce kuɗin asusuna bai isa ba. A nan ne, a tsaye a titi, na buɗe manhajar da na yi kwana biyar ina gudu.

33/ An cire na sidi 600 ɗin. Abin da ya rage bai kai naira 9,000 ba. Na bi jerin abin da na kashe ɗaya bayan ɗaya, takalmi, abincin mutum biyar, caji, caji, caji. Babu ɓarawo a ciki. Duk ni ne. Ɗanlami ya juye aljihunsa: sidi 30. Katinsa ko aiki ba ya yi a waje, da ma a kaina ya dogara.

34/ Ban yi barci ba a daren. Ambulan ɗin Umma tana jikina kamar garwashi. Wayata na hannuna, lambar Yaya Bala na ciki. Sau uku na buɗe na rufe. Yaya "Alaji Kano" zai kira ya ce ba shi da kuɗin mota? Shaiɗan ya ce min, rance ne kawai, banki na dawo da naka ka mayar, wa zai sani?

35/ Da safe na shiga shagon canji mai rajista, na miƙa dala 100 ɗaya daga cikin biyun. Suka karɓi fasfona suka duba, suka ba ni sidi 1,150 da rasit. Hannuna na rawa na karɓa. Na biya masauki. Da a nan na tsaya, na hau mota na koma Akra, da ina da ɗan abin faɗa.

36/ Ban tsaya ba. Da kuɗi suka ji ɗumin aljihu sai na ce tunda mun zo, ai ba ma koma ba mu ga dajin Kakum ba, inda ake tafiya kan gadar igiya a saman bishiyoyi. Muka je. Muka ci gasasshen kifi. Hoton nan da kuka fi so, ina murmushi a kan gada, da kuɗin idon Inna aka ɗauke shi.

37/ Larura ta gaskiya, ɗaki da motar komawa, ba ta wuce sidi 400 ba. Wajen 300 son rai ne zalla. Na koma Nima da sidi 450. Abin da na lura da shi: wuyar taɓa amana a karon farko take. Da zarar ka buɗe ambulan, na biyu da na uku ba sa neman izini.

38/ Rana ta takwas Inna ta dawo. Ta rungume ni tana shafa fuskata, don ba ta gani sosai. Bayan la'asar na durƙusa gabanta na saka ambulan a hannunta, kamar yadda aka ce. Ta buɗe, ta shafa da yatsu. Ta ce, "Ƙanwata ta ce min takarda biyu ce. Na ji ɗaya, sai wasu daban."

39/ Duk ƙaryar da na shirya a mota ta gudu. Na faɗa mata komai, har kifin, na ajiye rasit ɗin canjin a gabanta. Ta yi shiru. Sai ta ce, "Ɗana, me ya hana ka kiran Bala?" Yaya Bala yana bakin ƙofa ya ce, "Minti biyu ne fa. Da na tura wa mai masaukin ta MoMo, shi ke nan."

40/ Wannan ce ta fi yi min ciwo. Mafita tana cikin wayata tun daren, kyauta. Girman kai ne ya sa na tsallake ta na je na taɓa abin da ba nawa ba. Ga shi kuma ranar Litinin za a kai kuɗin asibiti kafin a sa ranar aiki, kuma da wannan gudummawar aka yi lissafi.

41/ Inna ta ce, "Ni ba zan gaya wa uwarka ba. Kai za ka gaya mata." Na kira. Na yi bayani muryata na sarƙewa. Umma ta saurara har na gama. Ta ce, "Aike na ba ka, ko kyauta?" Na ce, "Aike ne, Umma." Ta ce, "To." Ta kashe waya. Da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

42/ Wana na Kano ne ya fitar da ni. Na ce, "Yaya, na yi ɓarna." Ya ranta min naira 200,000, da sharaɗin in biya daga gyaran waya, ba daga kuɗin makaranta ba. Ya tura wa wani ɗan kasuwa a Nima mai harka da Legas, shi kuma ya ba mu sidi. Mutumin gidan Inna ne na shekaru. Kar ku yi irin wannan da wanda ba ku sani ba.

43/ Na cike kuɗin Inna a ranar, sauran ya zama na mota. A dawowa na sayi ƙaramin littafi, duk abin da na kashe, ko ruwan leda ne, sai na rubuta shi da kuɗin ƙasar, a gefe in rubuta shi da naira. Daga Akra har Kano ban kashe rabin abin da na kashe a zuwa ba. Hanya ɗaya, mutum ɗaya, bambancin biro ne.

44/ Sidi 600 na ATM sun dawo, amma sai bayan na je banki na cike takardar ƙorafi na jira sama da mako biyu. Na waje ya fi na gida jan lokaci. Abin da ya taimake ni, na ɗauki hoton injin da lokacin. In ta faru da kai, rubuta rana, lokaci, wuri da adadi nan take, ka kai ƙorafi da wuri.

45/ In za ka fita, ga abin da zan gaya wa ƙanina. Kafin komai ware kuɗin dawowa, a ambulan daban, a rufe, ka manta da shi. Sauran ka raba da yawan kwanaki, ka san na kowace rana. Kowace safiya ɗauki na ranar kawai ka bar saura a masauki. In ya ƙare, yawon ranar ya ƙare.

46/ Kar ka dogara da hanya ɗaya. Kuɗin hannu, kati, da lambar wani da za ka iya kira. Kar su zauna a aljihu ɗaya. Layin alat ya kasance a kunne, ka tambayi kamfanin layinka yadda zai yi aiki a waje tun kana gida, don lambar sirrin da banki ke turowa ma ta nan take zuwa. Kowane dare duba asusunka, ko ba ka so.

47/ Kati na manyan biya ne da ranar larura. Abinci, mota da kasuwa, kuɗin hannu, don ka ga suna raguwa da idonka. Kafin ka miƙa, juya farashin zuwa naira ka faɗa da baki. In za ka ji kunyar gaya wa mahaifiyarka ka sayi abin a haka, ajiye shi. Abokin tafiya kuma ku yi maganar kuɗi tun a gida.

48/ Saƙon mutane kuwa, in ka isa ka sauke shi a ranar. In mai shi ba ya nan, kira wanda ya aike ka ka ji yadda za a yi. Kar ya kwana a jikinka kana yawon buɗe ido. Ni na ɗauka na fi ƙarfin taɓawa. Ban san kaina ba sai da aljihuna ya koma sidi 14.

49/ An yi wa Inna aiki, alhamdu lillahi. Kwanaki muka yi kiran bidiyo ta ce, "Ashe haka kake da kunnuwa." Umma ta ɗauki wajen wata guda tana amsa gaisuwata a taƙaice. Ranar da na kai wa Yaya kason farko, da daddare ta turo ƙanwata da tuwo ɗakina. Ba ta ce komai ba, ni ma ban ce ba.

50/ Atamfar miliyan biyun tana nan a akwatinta, har yau ba ta kai ɗinki ba, ban kuma tambaya ba. Zan sake komawa Gana in Allah ya yarda, da littafina da ambulan uku. Wanda ATM ya taɓa yi wa haka a waje, ko ya san wata dabarar da ban faɗa ba, ya ajiye mana a ƙasa. Ɗanlami, kai kuma ka yi shiru 🙏🏾